Shekarar da Inna Ta Je Duba Birane

Baba ya rasu da kaka, dawa tana tsaye a gona ba a kai ga yanka ba. Ya bar mu maza uku da mata biyu, matan suna gidajen aurensu, ɗaya a Kiyako ɗaya a cikin Gwaram. Ni ne ƙaramin mazan. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, ina da mata da 'ya ɗaya da keke, kuma duk ƙarshen mako nakan je Farin Dutse in duba Inna.

Babban yayanmu yana Ikko, akawu ne a tashar jiragen ruwa. Da yake ɗan fari ne Inna ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "na Ikko". Mai bi masa yana Kaduna, yana kula da masu aiki a wani sashe na wata masaƙa. Shi ba ɗan fari ba ne, amma don kada a ce ta bambanta, sai shi ma ta mayar da shi "na Kaduna". Sunayen suka bi su, har 'ya'yan maƙwabta ba su san suna da wasu ba.

Da Inna ta fita takaba, su biyun suka ɗauki hutu suka zo gida, kowa da maganarsa a baki, kuma maganar ɗaya ce: Inna ba za ta zauna ita kaɗai a ƙauye ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, duk wanda ke birni yana ganin barin uwa a ƙauye abin kunya ne, kamar mutum ya sayi sabuwar riga ya bar tsohuwar hula. Ni ba a sa ni a lissafi ba. Na ce ai Birnin Kudu ma gari ne, akwai babban asibiti, akwai kasuwa. Na Ikko ya dube ni ya ce ana maganar birni ne. Na bar masa, don shi ne babba.

Kwana uku suka yi suna muhawara a zaure. Ranar farko kowa ya yabi garinsa. Na Ikko ya ce akwai lantarki, akwai gadoji a sama, akwai teku, abin da babu shi a Ikko to ba a ƙera shi ba tukuna. Na Kaduna ya ce titunansu masu faɗi ne, da itatuwa a gefe, ko'ina ka shiga Hausa ake yi, kuma in wani abu ya faru a gida kwana ɗaya ka iso. Rana ta biyu kowa ya koma kushe garin ɗan'uwansa. Na Kaduna ya ce a Ikko mutum yakan tsufa a cikin gosulo, wato cunkoson motoci. Na Ikko ya ce a Kaduna jiniyar masaƙa ce ke gaya wa magidanci lokacin da zai ci abinci.

A rana ta uku ne abin ya juye ba tare da sun lura ba. Na Kaduna ya ambaci ƙurar auduga da ke shiga ƙirji, sai na Ikko ya ce wannan ai ba wahala ba ce, shi da yake fita gida kafin ladan ya yi kira, ya yi sallar asuba a tashar mota, ya rataya a ƙofar bas da hannu ɗaya. Na Kaduna ya ce shi kuma awa takwas yake tsaye a cikin ƙarar inji, mako guda da rana, mako guda akasin haka, har jikinsa ya daina sanin wace rana ce. Kafin la'asar kowannensu ya rantse cewa garinsa ya fi kashe mutum. Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, tsakaninta da su zana ce kawai.

Ba sai sun faɗa ba ma, ana gani a jikinsu. Na Ikko a tsaye yake cin tuwo, kuma yakan duba agogonsa a garin da ba wanda ke jiransa. Ranar da jakin maƙwabcinmu ya tare hanyar masallaci, sai da ya daka masa tsawa cikin harsuna biyu. Na Kaduna kuwa injuna sun cinye masa rabin ji, don haka in zai ce a miƙo masa buta, ana jin sa a gida na uku. Wani dattijo a unguwar ya zo ya ja ni gefe, ya ce mu ji tsoron Allah, gona ɗaya ba ta isa a yi irin wannan rigimar gado a kanta ba. Na ce masa hira suke yi.

Na Ikko yana ta ciwon kai tun da ya zo, sai na lallaɓa shi muka shiga mota zuwa asibitin Birnin Kudu. Na Kaduna ya ce zai raka mu. Malamin asibitin ya ɗaura wa na Ikko abin awo a damtse, ya hura, ya saurara, ya sake hurawa, sannan ya ce hawan jini ne, ya rage gishiri, ya rage tunani. Na Ikko ya ce gishirin zai iya. A wancan zamani mutanen wajenmu suna ɗaukar hawan jini ciwon manya ne, sai wanda ya taka wani matsayi yake samun sa. Na Kaduna ya naɗe hannun riga ya ce shi ma a auna shi. Aka auna, aka ce nasa lafiya lau. Har muka koma Farin Dutse bai yi wa kowa magana ba.

Washegari Inna ta kira mu ɗakinta. Ta ce ta ji duk abin da aka faɗa, har da wanda ba a so ta ji ba, kuma ita ba za ta yi cinikin biri a sama ba. In an yi hutun makaranta, in kai ta ta ga garuruwan biyu da idonta. Ba ta taɓa wuce Kano ba, Kanon ma sau biyu, duk a kan rasuwa.

Muka fara da Kaduna. Gidan na Kaduna ɗaki biyu ne da falo, da famfo a tsakar gida da bishiyar gwaiba. Matarsa mutuniyar kirki ce, ta karɓi Inna hannu bibbiyu, ta shimfiɗa mata katifa sabuwa, ta ajiye mata rediyo a kusa da kai. In Inna ta ɗauki tsintsiya sai a karɓe. In ta nufi madafa sai a ce ta huta. Ta nemi a ba ta ko wake ne ta tsince, aka ce an riga an tsince. A makon da muka je na Kaduna da rana yake barci, don haka gidan kowa a kan yatsun ƙafa yake tafiya, yara ma da raɗa suke faɗa. Inna takan zauna a ƙarƙashin gwaibar tun hantsi, ta ja carbi, ta kalli ƙadangaru. Ranar Lahadi aka kai mu muka ga kogi da gada da gidajen gwamnati. Ta ce ma sha Allah. A kwana na tara ta ce mini ta ƙoshi da zama, in nemo mana tikitin jirgi.

Jirgin ƙasa ya ɗauke mu kwana da yini da wani abu. Ina ta yi mata bayanin garuruwan da muke wucewa kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyar, ita kuwa gonaki take kallo, tana cewa mutanen nan suna da ruwa amma ba su iya kunya ba, wato kunyar gona.

Na Ikko yana zaune a Agege, a wani dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya inda kowace mace ta ajiye risho a ƙofarta. Ɗaki da falo gare shi, da 'ya'ya uku, matarsa kuma da tsohon ciki. Banɗaki ɗaya ne na gidan gaba ɗaya, ana bin layi da bokiti. Famfo yakan kawo ruwa in ya ga dama. Shi maigidan ba mu gan shi sosai ba. Yakan fita gari bai waye ba, ya dawo yara sun yi barci, ƙaramar 'yarsa har ɓuya take yi a bayan uwarta in ta gan shi ranar Lahadi. Ya ce jirage cike da siminti sun yi layi a teku ba wurin sauke su, ga takardu sun fi simintin yawa.

Ni dai garin bai karɓe ni ba. Zafinsa mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Ranar da na ce bari in bi na Ikko in ga wurin aikinsa, wajen shiga bas takalmina ɗaya ya zauna a ƙasa, ni na tafi. Na yini a bakin teku da takalmi ɗaya, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili. Wannan ne ya fi damuna. A Birnin Kudu da mutum goma sun tambaya, biyu sun ba ni aro.

Inna kuwa a rana ta biyu ta ɗaura ɗamara. Ta ce wa matar na Ikko ta kwanta, ta karɓi bokiti ta shiga layi. Ba ta jin Yarabanci ko Turanci, amma ba wanda ya taɓa shiga gabanta sau biyu. Titi ma ba ta jira a tsallaka da ita. Iyayenta masu shanu ne, ta tashi a cikin garke, don haka sai ta ɗaga hannu ɗaya ta shiga, motoci suna tsayawa, direbobi suna faɗin abin da ba ta ji. Na ce mata wata rana za a buge ta. Ta ce duk abin da ke tahowa da gudu, in ya ga ba ka razana ba yakan sake shawara.

A rana ta huɗu ta kwance ƙullin daddawar da ta taho da ita daga gida, wadda ta yi da hannunta, ta kaɗa miyar kuka a lungun nan. Ƙamshin ya bi ɗakuna. Kafin a sauke tukunya matan Hausawa uku sun leƙo gaisuwa. Wata Bayarabiya mai sayar da abinci a ƙofar gidan ta zo ta ɗauki daddawar ta sansana, ta tafi ta kawo irin tasu, suka zauna su biyu a kan benci suna gwada wa juna da hannu yadda ake dafa kalwa da yadda ake rufe ta. Sun fi awa guda a haka. Daga baya na tambayi Inna me suka ce. Ta ce matar ba ta bari tata ta kwana uku, shi ya sa ba ta kai tamu ƙamshi ba.

Mako biyu muka yi. Ranar da za mu taho matar na Ikko ta yi ta kuka a tasha, Inna ta ce mata ta daina, ciki ba ya son haka.

Da muka dawo Farin Dutse matan unguwa suka cika tsakar gida don jin labari. Ni ma na zauna daga bakin ƙofa, don ni zan rubuta wa yayyena wasiƙa. Inna ta ba da labarin jirgi da gada da teku, ta ce tekun ruwa ne dai, sai dai yawa. Wata ƙawarta ta ce to wanne gari ya fi.

"Kaduna ta fi daɗi," in ji Inna. "Ruwa a gida, ga sarari, ga shiru. Mutum zai daɗe a can."

Na ɗauko takarda na fara rubuta wa na Kaduna albishir.

"Ikko zan tafi," ta ce.

Na ajiye alƙalamin na ce Inna ko dai ta juya sunayen ne. Ta ce ba ta juya komai ba. A Kaduna an gama komai kafin ta zo, in ta zauna can hutu ne zai kashe ta, kuma sai an kawo mata abincin rana za a lura. A Ikko kuwa ga yarinya za ta haihu ba kowa a kanta, ga yara uku, ga shi wancan ba ya cin abincin kirki. Ta ce wahalar Ikko mai yawa ce, amma irin wadda ake kamawa da hannu ce.

Na rubuta wasiƙun biyu. Na Kaduna ya amsa da shafi huɗu. Na Ikko ya amsa da layi uku, ya ce a gaya mata ta taho da barkono.

Bayan an cire amfanin gona ta tafi, da buhun kalwa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Gona aka ba wani ɗan baffanmu ya riƙa nomawa. Ba a yi wata uku ba wasiƙa ta zo, da rubutun babban jikanta, cewa in aika da wani buhun kalwar, kuma in duba da kyau kada a ba ni ta bara. Daga nan na zama ɗan aike. Ina fita daga aji sai in bi kasuwanni, Gwaram da Birnin Kudu da ƙauyukan tsakani, ina tara kalwa da kuka, in ɗora a mota zuwa Kano, wani ɗan garinmu mai fataucin goro ya wuce da su. Shugaban makarantarmu ya taɓa tambayata ko na canja sana'a ne. Na ce a'a, uwata ce ta canja.

Shekara uku ana haka, sai aka aiko cewa na Ikko ya faɗi a tashar mota da safe yana jiran bas. Allah ya sa wasu 'yan unguwa sun gane shi suka kai shi asibiti. Ya tashi, amma hannunsa na hagu ya yi nauyi, bakinsa ya ɗan karkace. Likita ya ce in yana son ya ga auren 'ya'yansa, ya bar garin. Ya ajiye aiki, ya kwaso matarsa da yara huɗu suka dawo Farin Dutse, Inna tana gaban mota tana nuna wa direba hanya.

Watannin farko sun yi masa wuya. Yakan farka tun kafin asuba ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ba inda za shi. Yakan yi faɗa in an ce za a zo da hantsi aka zo da azahar. A hankali ya karɓi gonar Baba, ya sayi shanun huɗa biyu, ya koyi zama a gindin tsamiya ana hira ba a kan komai ba. Hannun bai koma daidai ba, amma ciwon kan ya tafi. Duk wata nakan ɗauke shi a bayan babur ɗin da na saya, mu je asibiti a auna shi. Malamin asibitin ya ce ya ci gaba da duk abin da yake yi. Ya ce ba ya yin komai. Malamin ya ce to shi ɗin.

Inna mako biyu ta yi a gida. Ta ga an gyara ɗakuna, ta ga an sa yara a makaranta, ta zaga dangi. Sannan wata safiya na zo na tarar ta ɗaure kayanta. Na Ikko yana tsaye a kanta yana magana da karkataccen bakinsa, yana cewa garin nan ba wurin zaman tsohuwa ba ne, ga ɓarayi, ga motoci, ga shi yanzu ba ta da kowa a can. Duk abin da na Kaduna ya faɗa a zaure shekarun baya, shi ya maimaita, har da ƙari.

Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Kai garin ya kayar. Ni ban faɗi ba."

Ta ce ta bar kalwa a rufe a hannun Bayarabiyar nan, kuma akwai masu abinci da ke jiran ta. Ɗakin ma ba ta sake shi ba, ta yi magana da mai gidan, ta kuma samo wata bazawara 'yar wajen Kiyako da za su zauna tare. Ashe duk ta shirya wannan tun kafin su taso. Ni na kai ta Kano na sa ta a jirgi. A tasha ta ce in gaya wa matata ta rage yawan man da take zubawa a miya.

Na Kaduna da ya zo hutu ya ce magana ta fito, Ikko ta kusa kashe mutum, shi ya yi gaskiya. Na Ikko ya ce in haka ne me ya sa Inna take can ba ta Kaduna. Suka ɗora daga inda suka tsaya, sai dai yanzu ɗaya ba ya ji sosai, ɗaya kuma maganarsa ba ta fita sosai, don haka muhawarar takan ɗauki lokaci. Ni nakan zauna a tsakiya ina maimaita wa kowa abin da ɗan'uwansa ya ce, wani lokaci ina ragewa.

Inna ta ƙara shekara biyar a Ikko. Takan zo duk babbar salla da atamfofi da man ja a galan, ta yi kwana goma tana cewa mutanen garinmu ba sa sauri. Ta koyi ciniki da Yarabanci, ta koyi zagi kaɗan, wanda ta ce ba ta amfani da shi sai an matsa. Ta je Makka da abin da ta samu a daddawa, daga can Ikkon ta tashi, mu sai labari muka ji. Da ta dawo aka fara ce mata Hajiya, ta ce a bar mata Innarta.

Gwiwa ce ta dawo da ita. Ta ce ranar da ta kasa tsallaka titi kafin mota ta iso, ta san zaman ya ƙare. Ta sallama wa bazawarar nan ɗakin da tukwanen, ta taho da akwati biyu da wata doguwar fanka mai tsayawa da ƙafarta, wadda ta saya sabuwa a kwalinta. Na ce Inna ai babu lantarki a Farin Dutse. Ta ce ta sani, za a kawo.

Aka kafa fankar a kusurwar ɗakinta. Jikoki sukan zo su juya fukafukan da yatsa, ita kuma takan rataya mayafinta a kai in ta dawo daga unguwa. Ta yi shekara shida a haka, tana zaune a ƙofar ɗaki tana gyara wa matan unguwa daddawarsu, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ta rasu da damina, ranar wata Laraba bayan azahar, ana yayyafi. Na Kaduna ya iso washegari da yamma.